Yaya Sale da Yaran da Makaranta Ta Sallama

Zafin bana shi ne na bakwai da ya sauka a Jidda bai iske Yaya Sale ba. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. Wanda ya san garin nan ya san abin da nake nufi da zafi, lokacin da iska ke tasowa daga teku da ɗumi da danshi, riga ta manne a jiki, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta zama abin da gida ba ya zaunuwa sai da ita. A irin wannan lokacin wayarsa ba ta hutawa. Gyaran mukayyif da firij ne sana'arsa. Yana da 'yar warsha a Waziriyya, shago ɗaya mai ƙofar ƙarfe, tsakanin mai faci da wani Bayamale mai gasa burodi. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, sunana Maryama, ɗinki nake yi.

A Jidda aka haife mu, haka ma mahaifinmu. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano ya zo aikin hajji, ya sauke farali, bai koma ba. Mutanen gida suna ce mana Takari, mutanen nan kuma har gobe baƙi suke ɗaukarmu. Rayuwarmu gaba ɗaya tana rataye da iƙama, katin izinin zama, ita kuma tana rataye da kafili, mutumin da ya tsaya maka. Ranar da ta mutu, ba ka da aiki, ba ka da asibiti, ɗanka ba shi da makaranta. Sai mai karatu ya riƙe wannan kafin ya gane abin da Yaya ya yi da rayuwarsa.

Mijina Malam Isa direba ne, daga Kano ya zo, shi ya koya mini rubutun Hausar da nake wannan bayani da shi. Ni da ɗanmu Faisal muna ƙarƙashin iƙamarsa. Da Allah ya yi masa rasuwa, takardunmu suka bi shi. Faisal yana ɗan shekara goma sha huɗu aka ce a makaranta ya kawo sabon kati ko ya zauna a gida. Ya zauna a gida. Da farko yakan tashi da safe ya tsaya a taga yana kallon abokansa suna wucewa da jakunkuna. Daga baya ya daina tashi da safe. Sai ya fara yini a bakin titi da wasu yara irinsa, ya dawo rigarsa tana warin taba, idan na yi magana ya ce mini, to me zai yi? Na je na sami Yaya a warsha ina kuka. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Gobe ki turo min shi. Kada ki ce masa sana'a zai koya. Ki ce ina neman mai riƙe min tsani."

Ba Faisal ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Iyaye mata ne suka fi kawo masa yara, mafi yawa zawarawa irina, ko waɗanda kafilin mijinsu ya mutu ko ya juya musu baya. Yaran suna ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Abin da na lura da shi, kuma na daɗe ban gane hikimarsa ba, shi ne ba ya fara koya wa yaro komai da zuwansa. Sai ya bar shi yana shara, yana miƙo sifana, yana sayo shayi, shi kuma yana kallonsa ta gefen ido. Yakan ce shi ba makaranta ba ne da zai zuba wa kowa abu ɗaya a kai, dole ya ga inda hannun yaro yake son zuwa.

Akwai Haruna, wanda ya yi kusan wata biyu bai iya bambanta wayar wuta da ta ƙasa ba, amma duk ranar da aka ɗora tukunyar shinkafa a bayan warsha shi ne a gindinta, yana ɗanɗanawa, yana gyara gishiri. Yaya ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani amininsa mai gidan abinci a Bab Makka, ya ce wannan ba na sanyi ba ne, na wuta ne. Akwai wani siriri mai rashin magana da ya ga yana iya yanka bututu ba ya karkacewa, ya tura shi wurin tela mai ɗinka jallabiyar maza. Akwai wanda ko sunansa ba ya iya karantawa amma ƙarfi gare shi da haƙuri, shi ya koya masa walda da lanƙwasa bututun jan ƙarfe, ya kuma sa Faisal ya riƙa zama da shi bayan azahar yana nuna masa lambobi a jikin mita. Faisal kuwa, da yake ya yi makaranta yana gane haruffan Turanci, sai ya ɗora shi a kan abin da shi kansa Yaya yake jin tsoro, wato allon lantarkin da ke cikin sababbin na'urori. Ya nemo masa littattafan kamfani da ake jefarwa tare da kwali, ya ce ya karanta ya zo ya bayyana masa. Na sha iske su, babba da yaro, sun duƙufa a kan allo ɗaya, Faisal na karantawa, kawunsa na gyaɗa kai.

Cikin shekara biyu ɗana ya zama wani mutum daban. Ya daina taba. Yakan dawo da baƙin mai a farce, ya ci abinci kamar mai gudun kada a ƙwace, ya ba ni labarin kwampiresar da ta ba su wahala. Ba na gane rabin abin da yake faɗa, amma ina sauraro har ƙarshe.

Sai dai akwai abin da ke cin Yaya a rai. Shi kansa ba shi da shahada, wato takardar shaidar ƙwarewa. A katinsa lebura aka rubuta, warshar kuma da sunan kafilinsa take. Ya yi shekara kusan arba'in yana gyaran sanyi, amma babban kamfani ba zai ɗauke shi ba, don babu takardar da ta ce ya iya. Bai so yaransa su tsufa a haka. Yakan ce mini hannu yana tsufa, ido yana tsufa, amma takarda tana nan, ita ce za ta yi wa yaro magana a inda ba a san Usta Sale ba.

Saboda haka wata rana ya sa fararen kayansa na Juma'a, ya sa Faisal ya yi aski, suka tafi wata makarantar koyon sana'a ta kuɗi a Aziziyya. Faisal ne ya ba ni labari. Ya ce mutumin da suka samu a ofis ya karɓe su da mutunci, har ya sa aka kawo musu gahawa. Yaya ya bayyana masa cewa yaron ya riga ya iya aikin, abin da suke nema a gwada shi, a ga abin da ya rage masa, a koya masa wannan kaɗai, a ba shi takarda. Mutumin ya ce magana ce mai kyau, ya jawo kwamfuta, ya tambayi lambar iƙama. Yaya ya ce a sa tasa. Mutumin ya ce ba ta yiwuwa, ta ɗalibi ake so, kuma mai rai. Ya gwada tsohuwar lambar a gabansu, na'ura ta ƙi. Ya ba su haƙuri, ya raka su har ƙofa. Faisal ya ce a mota, da suka kusa gida, kawunsa ya ce masa, "Ba ka faɗi jarrabawa ba, ka ji ko? Ba a yi maka ba ne."

Sun je wurare biyu ko uku bayan wannan, amsar ba ta sauya ba. Ni daga baya tawa takardar ta gyaru, matar da nake wa ɗinki a shagonta ta tsaya mini. Ta Faisal ce ta ƙi. Yau a ce sai an kawo wannan, gobe a ce shekarunsa sun wuce a sa shi a ƙarƙashina. Muna cikin wannan zirga-zirga ya cika sha takwas.

Bai daɗe da cikawa ba aka kama shi. Da rana tsaka ne, sun je ɗaura sabuwar na'ura a wani bene a Aziziyya. Bututu ya gaza, Yaya ya ce bari ya je ya ƙaro, ya bar Faisal a ƙasa yana gadin kaya. Kafin ya dawo motar masu duba takardu ta biyo ta layin. Ya iske akwatin kayan aiki a buɗe a bakin hanya, mai gadin gidan ya gaya masa abin da ya faru. Yaya da kansa ya zo ya sanar da ni. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, kafilin Yaya ma ya sa baki, abu bai yiwu ba. Aka ɗauki hoton yatsun Faisal, aka yi masa takardar tafiya, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba. Ƙanin mahaifinsa ne ya tarbe shi. Faisal yana jin Hausa amma bakinsa ya fi sabawa da Larabci, idan ya yi magana a kasuwa sai a yi dariya a ce Balarabe ya zo. Watannin farko idan ya kira ni ba ya iya cewa komai sai, "Ummi, yaushe?" Ni kuma in ce masa in Allah ya so, alhali na san an rufe masa ƙofar dawowa.

Ban ɗora wa Yaya laifi ba, ko a zuciyata. Shi ya ɗora wa kansa. Tun daga ranar ya kafa doka cewa babu yaron da zai ƙara fita aikin waje. Suna nan cikin warsha, ƙofa a sauke zuwa rabi, suna koyo a kan tsofaffin na'urori. Aikin gidaje kuwa shi kaɗai yake zuwa. Shi zai ɗauki na'ura a kafaɗa ya hau bene, shi zai leƙa ta taga ya ɗaura ta a bango, ga shi ya doshi sittin, ga ciwon suga. Matarsa ta yi magana, ni ma na yi. Yaran da kansu suka roƙe shi ya bar ko mutum ɗaya ya riƙa bin sa. Ya ce halas, an gama wannan magana, ba zai sake tsayawa a ƙofar wata uwa ba.

A haka ya yi zafi biyu. A na biyun, wata Talata bayan azahar, yana ɗaure na'ura a bangon hawa na uku, jiri ya ɗebe shi. Babu kowa a bayansa da zai riƙe igiya. Wani mai kanti a ƙasa ne ya kira motar asibiti, ya nemo lambar matarsa a wayarsa.

Ya yi kwanaki yana shiga yana fita daga hayyacinsa. Ranar da ya gane ni, na sunkuya na gaya masa yaransa suna ta kira, suna son zuwa duba shi. Ya riƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Kada ki bari su zo, Maryama. Ana tambayar kati a ƙofa." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa mai ma'ana. Ba su zo asibiti ba. Amma an gaya mini ranar jana'iza masallaci ya cika da samarin da limamin bai sani ba, wasu da rigar kicin, wasu da ƙunar walda a hannu, suka yi masa salla, suka ɗauke shi, suka watse ba tare da sun taru wuri ɗaya ba. Faisal a waya ya ji.

Jiddar yau ba ita ce wadda Yaya ya bari ba. Rusau ya cinye unguwanni da yawa a kudu, mutanen da muka tashi tare sun warwatsu, wasu Makka, wasu can bayan gari, wasu an mayar da su ƙasashen kakanninsu. Warshar tana nan amma wani ne a ciki, kayan waya yake sayarwa. Sau da yawa ina tambayar kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo. Na san akwai abin da zai faranta masa. Wata mai kawo mini ɗinki, 'yar ƙasa ce, ta gaya mini yanzu a sakandare an raba hanyoyi, yaro yana zaɓar inda ya fi ƙarfi, ko kwamfuta, ko fannin lafiya, ko kasuwanci. 'Yarta tana koyon wani abu a waya, idan ta gama mataki a ba ta shaida, ta wuce na gaba. Na ji kuma an fara yi wa masu sana'ar hannu jarrabawa, a gwada abin da mutum ya iya a ba shi takarda. Wannan shi ne abin da Yaya ya sa kayan Juma'a ya je nema. Na tabbata da zai riga kowa zuwa layi, da furfurarsa.

Amma na san tambayar da zai yi bayan ya gama murna. Zai ce, namu fa? Domin duk waɗannan hanyoyi ƙofa ɗaya ake bi a shige su, ita ce lambar nan da na'ura ta ƙi karɓa a Aziziyya. Yanzu ma abin ya fi tsanani. A da yaro marar takarda yana iya ɓuya a bayan wani usta ya koyi abin da zai ci abinci. Yanzu komai a waya yake, komai sai lamba, mai shago yana tsoron tara, yana tsoron a rufe masa wuri, wasu sana'o'in ma an keɓe su ga 'yan ƙasa. An gyara wa masu kati hanya, na ji daɗi, Allah ya ƙara. Marasa kati kuwa har ɗan lungun da suke bi an toshe. Ba na jayayya da doka, kowace ƙasa da tsarinta. Abin da na sani shi ne yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, bai zaɓi ranar da katin gidansu zai mutu ba.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya, ba na samun abu mai yawa da za a nuna da yatsa. Bai bar gida ba, bai bar shago ba, kabarinsa ba suna, kamar na kowa a nan. Abin da ya bari mutane ne. Haruna yana da iyali, shi ke riƙe da kicin a gidan abincin. Siririn nan da ya zama tela yana Makka. Mai waldan ban san inda yake ba, an ce an kama shi shi ma. Faisal kuwa ya tsaya da ƙafarsa a Kano. Ya buɗe wurin gyaran sanyi, ya yi aure ban je ba, yana da 'ya ban taɓa ɗaukarta ba. Ya zauna jarrabawar sana'a a can ya ci, ya samu takardar da kawunsa ya mutu yana so ya gani. Yanzu yana da yara a ƙarƙashinsa, duk wanda ya ƙware yana kai shi a gwada shi. Ina alfahari da shi. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce wannan ya biya ni ba.

Watan da ya wuce wata mata ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da hantsi, tana tare da ɗanta, dogo, ɗan shekara sha biyar, kansa a sunkuye. Ta ce daga bayan gari suke, wata tsohuwa ce ta ce ta nemi Usta Sale a Waziriyya, ta yi ta tambaya har aka kwatanta mata gidan ƙanwarsa. Mijinta ya rasu, an sallami yaron daga makaranta, ya fara bin abokan da ba ta yarda da su ba. Ba ta san Usta ya daɗe a ƙasa ba. Na shigar da su, na ba su shayi, na gaya mata. Ta yi masa addu'a, ta rasa ta inda za ta tashi.

A gabanta na kira Haruna. Ya ce wallahi Khala, wato inna, da da hali da ya karɓe shi da hannu biyu, amma yanzu ana shigowa kicin ana duba katin kowa, mai gidan ba zai yarda ba. Telan ma haka ya ce, cikin kunya. Da suka tafi na kira Faisal na ba shi labari, don kawai in rage abin da ke zuciyata. Ya saurara, sannan ya ce, "Ummi, ki ce ta turo min shi. A nan ba mai kama shi. Zan koya masa, zan kai shi jarrabawa, zai kwana a gidana."

Na isar mata da saƙon. Ta ce in ba ta lokaci. Bayan mako biyu ta dawo ita kaɗai, ta zauna kusa da keken ɗinkina, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ta ce shi kaɗai gare ta, kuma idan ya fita ta wannan hanyar ta san ba zai dawo ba, ita kuma ba ta san kowa a Kano ba, ba ta taɓa taka ƙasar ba. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Khala Maryama, ke da kika rabu da naki, ana sabawa?"

Na so in sassauta mata, na ga ba ta zo neman wannan ba. Na ce, "Ba a sabawa. Amma yana da rai, yana da sana'a, ba ya gudu idan ya ga mota."

Ta share fuskarta, ta miƙo mini wayarta, ta ce in sa mata lambar Faisal.